Dokin Ƙofar Gidan Malam Sule

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai na bar ku a rataye, ku yafe ni, wutar unguwarmu ce ta yi yaji. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuta cewa Malam Sule ba shi da zuciya a ƙirji, bismillah, matso kusa.

*

Faɗuwar yau ta fi ta jiya zafi.

Malam Sule ya daɗe a kwance gefen kututturen da ya kayar da shi, babur a kan ƙafarsa ta hagu, tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai. Babu wanda ya ce masa sannu. Dama don haka ya zaɓi wannan fili na bayan Ƙofar Na'isa, jikin ragowar ganuwa, nesa da Jakara inda kowa ya san shi da wankin hula da kamun kai. A nan daga shi sai awaki, su kuwa ba sa kai labari gida.

Wayar da ya jingina a jikin dutse ba ta san ya faɗi ba, tana ta magana abinta.

"Kar ka zauna. Ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ka sassauta gwiwoyinka. Giya ɗaya, a hankali, kamar kana raka tsohuwa asibiti. Yatsa ɗaya a kan kuloch."

Muryar Mikail ce, ɗansa na fari, wanda kuma daga shi Allah bai ƙara ba shi wani ba. Bidiyo ne da yaron ya ɗauka a da, yana koya wa 'yan baya yadda ake haye kututture ko dakali da babur ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Tun ranar da ya faɗo da babur ɗin nan daga kan tulin bututun kwalbati ya karye a ƙugu, a cikin wayar nan kaɗai mahaifinsa yake jin muryarsa.

"In ka zo daf da shi, ka danna jikinka ƙasa, shokazoba ta lotsa. Tana tasowa ka ɗan murɗa totur, ka ja jikinka baya. Tayar gaba da kanta za ta tashi, ba da ƙarfin tuwo ake ɗaga ta ba. Tana dafa saman kututturen ka sake murɗawa, ka tura jikinka gaba, ta baya ta biyo. Amma babban abin, kar ka kalli abin da kake son hayewa. Ka kalli bayansa. Inda idonka ya tafi, can babur zai kai ka."

"To, na ji," Malam Sule ya ce wa wayar, yana zare ƙafarsa daga ƙarƙashin ƙarfen. "Na ji. Kai ma ka cika faɗa."

Da waya yana iya hira. Da mai muryar ne abin ya gagara.

Ɗan fari ne, kuma Malam Sule mutumin da ne a kan alkunya. Tun ranar suna bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba. Haka nasa uban ya yi masa, kuma bai ga ya mutu ba. Lokacin da Binta uwar yaron take raye, akwai ɗan aike a gidan. "Ki ce wa yaron nan ga nama." "Ki tambayi yaron nan ya jarrabawa." Da ta rasu sai gidan ya zama mutum biyu babu mai kai saƙo. Magana ɗaya ta rage wa Malam Sule, ita ce faɗa, don faɗa dai alkunya ba ta hana shi ba.

Faɗan ne ya yi a waccan safiyar.

"Wallahi ƙarfen nan ba zai ƙara tsallake dokin ƙofar nan ba ina raye. In kuwa ka fita da shi, ka je ka gani."

Yaron ya fita. Kafin magariba aka kawo labari.

Unguwa kuwa ba ta ɓata lokaci ba, ta yanke hukunci: bakin uba ne. Mai ɗori ya daɗe da cewa ƙashi ya haɗe, babu abin da zai hana shi miƙewa. Mikail ko gwadawa bai yi ba. Yana zaune a keken guragu, mahaifinsa yana yi masa wanka, ya ajiye masa abinci, ya dawo ya ɗauke kwano, kowa idonsa a wani wajen. Wani lokaci Malam Sule yakan yi tari da gangan a tsakar gida, don dai ya ji an yi wani sauti.

Ya ɗaga babur ɗin da ƙyar. Gaskiyar magana, kuma kar ku faɗa wa kowa, bai taɓa haye kututturen nan ba ko sau ɗaya. Ya iya tsayuwa, ya iya tafiyar raka tsohuwa. Da zarar ya zo daf, sai idonsa ya faɗa kan itacen, shi ma ya bi idon.

Yana shirin sake hawa wayar ta katse muryar Mikail ta hau ƙara. Hajiya Jummai ce, yayar marigayiya Binta.

"Salamu alaikum, Hajiya."

"Malam, kana ina? Na zo gidan na tarar da yaro shi kaɗai yana kallon rufin ɗaki."

"Na ɗan fita ne. Ba jibi muka yi da ke ba?"

"Muka yi? Ni na faɗa, kai ka yi shiru. Yau na samu mota, tana bakin titi. Na haɗa masa kaya, Bichi za mu tafi."

"Hajiya, don Allah ki jira ni."

"In jira ka ka zo ka yi masa me? Shirun da ka saba?"

Ta kashe.

Malam Sule ya tsaya da waya a hannu. Ya san Hajiya Jummai. In ta fitar da yaron daga gidan nan, ba mai dawo da shi. Zai zauna a Bichi a cikin keken nan, yana ganin ubansa ya tsine masa, har ɗayansu ya mutu.

Kullum a garejin Audu bakanike yake ajiye babur ɗin, ya wanke jikinsa, ya mayar da babbar riga, ya koma gida a ƙasa kamar wanda ya fito daga majalisa. Yau babu wannan lokacin. Ya kifa hular kwano, ya buga babur.

*

Gidajen layinsu duk dokin ƙofarsu dogo ne, saboda ruwan damina da yake cika lungu ya nemi hanyar ɗakunan mutane. Na gidan Malam Sule ya fi na kowa, ginin siminti ne da ya kai rabin ƙwaurin mutum. Shi ne a da Mikail yake hayewa da babur a tsaye kullum da yamma, ya shige zaure ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, maƙwabta suna leƙe, uban yana cika yana batsewa. Shi ne kuma yau ya tare keken guragun. An turo Mikail har bakin ƙofa, jakarsa a kan cinya, ana jiran 'yan dakon da Hajiya ta aika a kira su ɗaga shi.

Ƙarar babur ce ta riga mai shi isowa.

Kan Mikail yana sunkuye. Da ya ji ta, sai ya ɗago. Ko a cikin babura ɗari ya san wannan.

Hajiya Jummai ta leƙo daga zaure tana gyara mayafi.

"Wane marar kunyar ne zai shigo mana lungu da wannan hayaniyar, ana da marar lafi…"

Mai babur ya tsaya, ya cire hular kwano.

"Malam?"

"Na'am, Hajiya."

"Kai ne a cikin hular kwano?"

Malam Lawal maƙwabcinsa, wanda ya fito da buta a hannu, ya tsaya cak ya manta inda za shi.

"Tsaya," in ji Hajiya. "Ba wannan ne ƙarfen da ka ce ka rabu da shi ba?"

"Na raba shi da gida ne. Wurin Audu na kai, ya gyara."

"Ka gyara! Ka gyara abin da ya karya shi, shi kuma ka bar shi a zaune?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka yi masa baki bai ishe ka ba, sai ka zo ranar tafiyarsa ka yi masa gwalo da shi?"

Nan idonta ya sauka kan wandonsa. Ya yage a gwiwa, jini ya bushe a ƙwauri. Malam Sule ya ja hannun rigarsa ya rufe tsintsiyar hannunsa, amma aikin banza ne. Ko bai duba ba ya san inda yaron yake kallo. Duk ranar wanka sai ya naɗe hannun riga, kuma duk ranar wanka akwai sabon ƙurjewa a wurin. Yaron ya gani, bai tambaya ba. Shi ma bai faɗa ba.

Ya sa hannu a aljihu zai zaro hankici, yatsansa ya dungure wayar.

"Kar ka zauna. Ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ka sassauta gwiwoyinka…"



Malam Sule ya hau kokawa da aljihu, zufa tana keto masa. Ya danna nan, ya danna can, sai ma murya ta ƙara ƙarfi, tana ta bayanin raka tsohuwa asibiti a gaban duk Jakara. Da ƙyar ya samu ya kashe ta gaba ɗaya.

Da Hajiya ta sake magana, muryarta ta sauko.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar Sallah."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Don me, Malam?"

Ya dubi tankin babur.

"Na yi rantsuwa a kan ƙofar nan. Na je wurin malamai, na yi kaffara kamar yadda suka ce. Amma yaron nan bai ga kaffara ba, Hajiya. Abin da ya ji da kunnensa shi yake ɗauke da shi. Sai na ce, in ya ga ni da na hana, ni na shigo da shi, wataƙila ya yarda babu komai a zuciyata."

Hajiya Jummai ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Da furfurarka kana karo da itace a bayan gari? Duk wannan wahalar ta mece ce? Ga shi nan a gabanka. Ka buɗe baki ka ce, Mikail, na yafe maka, Allah ya yi maka albarka. Shi ke nan fa. In ka faɗa, wallahi da kaina zan kwance jakar nan."

Malam Sule ya buɗe baki.

Sunan ya taso har maƙogwaro, ya tsaya a nan. Ya ji mutane a bayansa, ya ji Malam Lawal da butarsa, ya ji kamar mahaifinsa ma yana tsaye a cikinsu yana jiran ya ga abin kunya. Ya haɗiye. Idonsa ya koma ƙasa.

"Hajiya, ɗan fari ne."

"Ɗan fari ba mutum ba ne? Ni ma ina da ɗan fari. Kara ake yi, ba binne yaro ake da ransa ba. Da za ka yi masa baki, ai alkunya ba ta riƙe harshenka ba. Sai albarka ce ta yi maka nauyi?"

Maganar ta shige shi sosai.

'Yan dakon suka iso, ƙarti biyu daga Ƙofar Wambai, suna goge hannu a jikin riga.

"Ku kama," in ji Hajiya, tana share ido da gefen mayafi. "A hankali, ƙugunsa ne."

"Ku dakata," in ji Malam Sule.

Suka dakata.

"Hajiya, alfarma ɗaya. Ki ja keken baya, can ƙarshen zaure. In na kasa shigo da babur ɗin nan, ku tafi, ba zan tare ku ba."

"To ka tura babur ɗin da hannu mana. Ga majiya ƙarfi su kama maka."

"Yaron nan ba tura shi yake yi ba."

Ta dubi Mikail ko zai ce wani abu. Ta yi ajiyar zuciya, ta kama bayan keken ta ja shi har jikin ƙofar shiga tsakar gida.

Ƙofar zauren tana kallon wani siririn lungu. Nan Malam Sule ya ja babur ɗin da baya, ya mayar da hular kwano. Hular Mikail ce, har yanzu da tsagar ranar da ya faɗi a gefenta. Ya sa giya ɗaya, ya miƙe tsaye.

Ya taho a hankali. Tsayuwar ta yi kyau, har wani ya ce "A'a!" a cikin mutane.

Sai idonsa ya faɗa kan simintin.

Ya murɗa a makare. Taya ta daki fuskar dokin ƙofar, babur ya mutu, ya tafi da shi gefe. Kafaɗarsa ta bugi bango, ƙafarsa ta dama ta nutse a kwata har idon sawu.

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta.

"Malam Sule," in ji Malam Lawal, "don girman Allah ka sauka haka. Ka bar wa yara. Mutuncinka fa."

"Ya isa, Malam," in ji Hajiya daga ciki. "Mun gani. Ya isa."

Daga ƙarshen zaure kuwa, inda yake saurare da duk jikinsa, babu abin da ya fito.

Wannan shirun ya fi bangon zafi. Malam Sule ya ji kaɗaici irin wanda bai taɓa ji ba ko a filin awaki, ga shi kuwa a tsakiyar mutanen da ya tashi da su. Ya zaro ƙafarsa daga kwata. Ya ɗaga babur, ɗaya daga cikin 'yan dakon ya matso zai taimaka, ya girgiza masa kai. Ya sake ja da baya cikin lungun.

Ya buga, ya ƙi. Ya sake bugawa, ya ƙi. Ya yi bismillah ya buga da ƙarfinsa duka, ya kama.

Ya miƙe tsaye. Gwiwoyinsa sun sandare, yatsunsa duka sun damƙe kuloch kamar wanda za a ƙwace wa. Babur ya fara tafiya. Idonsa yana kan simintin, ya kasa ɗaga shi, kamar yadda ya saba ajiye shi a ƙasa duk lokacin da yaron yake kusa.

"Baba."

Wayar a kashe take, shi ya kashe ta da hannunsa.

"Baba, kana kallon ƙasa."

Muryar ta dushe, muryar wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba. Amma ita ce.

"Sassauta gwiwarka. Yatsa ɗaya. Haka. Kar ka kalli dokin ƙofar."

"To ina zan kalla?"

Bai san lokacin da maganar ta fita daga bakinsa ba. Ya amsa ne kamar yadda ya saba amsa wa waya.

"Ni. Ni za ka kalla. Danna… yanzu!"

Ya danna jikinsa ƙasa. Shokazoba ta lotsa, ta taso, ya murɗa, ya ja baya. Tayar gaba ta tashi da kanta, babu nauyi ko kaɗan, yadda aka daɗe ana gaya masa. Ta dafa saman dokin ƙofar.

Malam Sule ya ɗaga ido.

Keken guragun babu kowa a ciki. Jakar tana ƙasa. Hajiya Jummai ta ɗora hannu a ka, bakinta a buɗe.

Mikail yana tsaye.

Ya biyo bango ne don muryarsa ta kai, hannu ɗaya a jikin ginin, ƙafafunsa suna rawa, ya taho har tsakiyar zaure. Yana kallon ubansa, uban yana kallonsa, karo na farko. Ashe idon Binta ne da shi.

Kuma yana tsaye ne daidai kan hanyar babur.

Inda idonka ya tafi, can babur zai kai ka. Malam Sule ya tuna, amma hannunsa ya riga ya yi murɗa ta biyu, jikinsa ya riga ya tafi gaba, tayar baya ta bar ƙasa. Abin da ya maƙale masa a maƙogwaro tun ranar suna ya ɓalle ya fito, duk lungun ya ji.

"MIKAIL!"